Inji biyu a tanki ɗaya, inji ɗaya ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wani rubutu da kuka buga kwanakin baya game da hatsarin jiragen ruwa. Marubucin, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi ƙoƙari. Abin da ya faɗa kan lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar ceto, babu abin cirewa a ciki. Wuri ɗaya muka raba hanya da shi, inda ya ce duk mai jirgin da ke son kansa da lafiya ya ɗaura inji biyu, domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya kai shi gida. Maganar tana da daɗi a kunne, shi ya sa nake tsoron kada wani ya karanta ya kwashi kuɗinsa ya yi aiki da ita yadda take.

Ni bakaniken injin jirgin ruwa ne, irin injin nan da ake ratayawa a allon bayan jirgi. Da wankin kafireta na fara ina yaron shago, yau ga furfura. In son zuciya zan bi, sai in mara wa marubucin baya in yi shiru, don kowane jirgi mai inji biyu aiki biyu ne a wurina: juyen baƙin mai biyu, filta biyu, fulogi ninki biyu, robar famfon ruwa biyu. To amma mu ne ake kira idan an jawo jirgi da igiya, kuma a cikin jiragen da na ga an jawo akwai masu inji biyu da ba su da alamar tsufa.

Lissafin da masu son inji biyu ke yi ba ƙarya ba ne a takarda. A ce, misali kawai, inji yakan mutu sau ɗaya a tafiya 100. In kana da biyu, kuma mutuwar wannan ba ruwanta da mutuwar wancan, to kafin su mutu tare sai sau ɗaya a tafiya 10,000. Duk lissafin a kan wannan sharaɗi ya rataya, wato cewa ba abin da ya haɗa su. Sai mu je bayan jirgin mu leƙa. Tanki nawa ne? Ɗaya. Tiyon mai daga ina ya fito? Daga bututu ɗaya aka raba shi biyu. Filtar da ke raba ruwa da mai fa? Ɗaya ce, ita ma ba a san ranar da aka duba ta ba. Batir? Ɗaya, ko biyu da aka haɗe wuri guda da waya ba makunnin da ke raba su. A irin wannan jirgi abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A iya abin da idona ya gani, injin zamani ba kasafai yake tsayawa don fiston ya fashe ko wani ƙarfe ya karye a cikinsa ba. Mai ne ke kashe shi, sai wuta, sai abin da farfela ta daka. Man ya ƙare, ko ya sha ruwa, ko ya daɗe a tanki ya lalace, ko datti ya toshe filta. Waya ta yi tsatsa a kan batir. Jirgi ya hau kan gungumen itace ko dutse ko tarun da aka yasar. Ka duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya, Malam Edita, ka gaya mini wanne ne zai kama inji ɗaya ya ƙyale ɗan'uwansa da ke gefensa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita ɗaya ba.

An taɓa jawo mini wani jirgi mai inji biyu masu ƙarfin doki 150 kowanne, fes da su, fentin murfinsu ko ƙwarzane babu. Mai shi yana ta faɗa, wai an sayar masa da jabun inji, don na hagu ya fara tari ya mutu, kafin ya gama mamaki na dama ma ya bi shi. Ban taɓa ko noti ɗaya a jikin injinan ba. Na kwance filtar mai na juye abin da ke cikinta a farar kwalba, na ajiye a kan benci, na ce ya zauna ya kalla. Ba a yi minti biyu ba abin ya rabu gida biyu, fetur a sama da launinsa, a ƙasa kuwa ruwa ne mai duhu-duhu da ɗan jan tsatsa, kaurinsa ya kai yatsu biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma bakin bututun da ke zuƙo mai a ƙasan tanki yake. Muddin jirgi na tsaye lafiya lau, da ya shiga igiyar ruwa tankin ya girgiza, injinan biyu suka sha rabonsu daidai wa daida. Daga wata tsohuwar durom aka zuba masa man. Da injina huɗu ya ɗaura, da huɗun za a jawo. Inda ake gauraya fetur da sinadarin etanol abin ya fi muni, domin etanol yana janyo damshin iska, in ya ƙoshi sai ya rabu da fetur ya kwanta ƙasa tare da ruwan.

Saboda haka in mutum ya ce mini yana son inji biyu don tsaro, ba na ce masa a'a. Cewa nake yi to mu yi shi da gaske. Kowane inji da tankinsa, da tiyonsa, da filtarsa, da batirinsa, a sa makunnin da zai haɗa batiran in an buƙata kaɗai, a sa famfon da zai ba injin nan mai daga tankin can in ta kama. In da hali ma kada a cika tankunan biyu a wuri ɗaya rana ɗaya. Har sabis ina ba da shawarar a raba ranarsa. A harkar jiragen sama masu inji biyu da ke ƙetare teku, ƙa'ida ce a guji barin mutum ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injinan biyu a zama ɗaya, don hannun da ya manta ɗaure noti a nan zai iya mantawa a can. Mu ma 'yan Adam ne. Sau da yawa da na gama wannan bayani sai in ga fuskar mai jirgi ta canja, don bai sa kuɗin tanki na biyu da wurin ajiye shi a lissafi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda kusan ba mai yin ta kafin ya biya kuɗi: in ɗayan ya mutu, wanda ya rage zai iya ɗaga jirgin ya hau kan ruwa? Jirgin gudu yanayi biyu gare shi. Akwai lokacin da yake cikin ruwa yana ture shi da ƙirji, akwai lokacin da ƙarfin inji ya isa ya ɗago shi ya kwanta a saman ruwa yana sulɓi. Muddin bai hau ba, gudunsa yana da iyaka, kuma tsawon jikinsa ne ke yanke iyakar, ba yawan dokin inji ba. Jirgin da tsawonsa a layin ruwa ya kai mita bakwai da rabi ba zai wuce kamar kilomita 12 a awa ba da wani abin kirki. In ka ƙara masa wuta a nan, hanci kawai zai ɗaga sama, baya ya nutse, ya haƙa rami a ruwa yana zuƙar mai.

Na sha gwada wannan da masu jirgi. Mu fita da lodin da suka saba ɗauka, in kashe inji ɗaya, in ɗaga ƙafarsa, wato ɓangaren da farfela ke jiki, daga ruwa, in ce bismilla, taka. Abin da ke biyo baya iri ɗaya ne a yawancin jiragen da aka raba musu ƙarfi gida biyu ba tare da rara ba. Hanci ya tashi har matuƙi ba ya ganin gabansa sai ya miƙe tsaye, sitiyari yana ja gefe guda don turin daga gefe ɗaya yake zuwa, injin yana gurnani amma allurar ma'aunin juyin inji ta ƙi kaiwa inda ya kamata. Irin wannan inji an yi shi ya juya tsakanin 5,000 da 6,000 a minti in an buɗe masa wuta duka, amma farfelar da ke jikinsa an zaɓe ta ne don aikin inji biyu, ta yi masa nauyi shi kaɗai. In ka matsa masa a haka na awanni, kai da kanka kake kashe wanda ya rage. Dole ka sassauta ka koma tafiyar kilomita 12 ko 13 a awa.

Ga inda maganar take. Ƙaramin inji mai doki 9.9, wanda nauyinsa kilo 40 ne da 'yan kai, zai tura wannan jirgin kilomita 9 ko 10 a awa in ruwa na kwance. Wanda ya lalace a nisan kilomita 40 daga gaɓa, da ƙaramin inji zai yi kamar awa huɗu, da ɗaya daga cikin manyan biyu zai yi awa uku da wani abu. Bambancin da aka sayi babban inji sukutum dominsa ke nan. Ban ce ba komai ba ne. In hadari ya taso, ko igiyar ruwa na da ƙarfi, ko bakin kogi ne mai jan ruwa, doki 150 ya fi doki 10 nesa ba kusa ba, kuma akwai ranar da ƙaramin ba zai iya ko juya hancin jirgi ya fuskanci iska ba. Amma a san abin da ake saye.

Game da nauyi, lambobin a fili suke ga duk mai son dubawa. Injin Yamaha mai doki 150 yana kusan kilo 220. Mai doki 300 na kamfanin yana kusan kilo 260. Ke nan biyu na farko sun kai kilo 440, ƙarfi ɗaya da na biyun amma da ƙarin kilo 180, ban da batir na biyu da wayoyi da kebul. Kuma wannan nauyi ba a tsakiyar jirgi yake ba inda zai baje, a can ƙarshen baya yake rataye. Jirgin da ba a ƙera shi don haka ba sai ka ga bayansa ya zauna, ramukan da aka yi don ruwa ya fita sun koma ƙarƙashin ruwa suna shigo da shi, in matuƙi ya saki wuta farat ɗaya igiyar da ya tayar ta biyo shi ta haura allon baya. Abin ya ƙaru tun da injina masu baƙin mai daban suka maye gurbin tsofaffin nan da ake gauraya wa mai da fetur, domin sababbin sun fi nauyi. Tsohon jirgin da ya ɗauki biyu na da lafiya lau ba lalle ya ɗauki biyu na yanzu ba. Kowane jirgin kirki yana da iyakar doki da iyakar nauyin da maƙerinsa ya yanke, galibi a rubuce a wani ɗan faranti kusa da matuƙi. A karanta shi kafin a je kasuwa.

Shan mai kuwa, in yawan doki iri ɗaya ne, raba shi a inji ɗaya ko biyu ba ya canja ƙoshinsa sosai. Doki 300 in an buɗe wuta duka yana shan kusan lita 100 a awa, ko a dunƙule yake ko a rabe. Inda bambanci ke shigowa shi ne ƙafafu biyu a cikin ruwa maimakon ɗaya. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, duk abin da ka tsoma a ciki kana gudu birki ne. Ga kuma ƙarin nauyin da za a ɗauka. Shi ya sa a jirgi iri ɗaya da doki iri ɗaya, mai inji ɗaya yakan ɗan fi gudu ya kuma ɗan fi tsimin mai. Ba wani gagarumin bambanci ba ne a tafiya ɗaya, amma mai fita kullum zai gani a ƙarshen shekara. Sabis dai na riga na faɗa. Kamfanoni suna cewa bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko duk shekara, kuma inji biyu tare suke tara awanninsu, tare suke tsufa, tare za su nemi canji.

Wani abu da matasa ba su sani ba shi ne asalin ɗaura inji biyu ba tsaro ne kaɗai ya kawo shi ba, rashin babban inji ne. Injin da Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka a 1909 doki ɗaya da rabi ne. Sai a 1976 aka samu mai doki 200 a kasuwa. Wanda jirginsa ke buƙatar fiye da haka a wancan zamani ba shi da zaɓi sai ya jera biyu, kuma injinan lokacin suna da saurin cin fulogi da toshewar kafireta, don haka na biyun yana da amfani ta fuska biyu. Yau Yamaha ta fitar da mai doki 425 tun 2018, Mercury ta fitar da mai doki 600 da silinda 12 a 2021. Jirgin da a da sai da biyu, yanzu ɗaya ya ishe shi har da rara. Dalilin ya tafi, al'adar ta zauna. Wani kuma, mu faɗi gaskiya, kwalliya ce ke jansa, don murfi biyu a bayan jirgi sun fi cika ido a tasha. Wannan ba laifi ba ne in aljihu zai ɗauka, a dai kira shi da sunansa.

Kada a ce na tsani inji biyu. Suna da alherin da ɗaya ba zai taɓa bayarwa ba. Farfela ɗaya tana juyawa gefe guda, tana karkata jirgi tana jan sitiyari. A inji biyu akan sa ta dama ta juya dama, ta hagu ta juya hagu, sai su kashe karkatar juna jirgi ya tafi sak. Wajen shiga matsattsen wuri a tasha, ka sa ɗaya gaba ɗaya baya, jirgi ya juya a inda yake tsaye, ko da yake a jirgi siriri da injinan ke manne da juna abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Farfela biyu sun fi kama ruwa, don haka jirgi mai nauyi yakan fi saurin hawa ruwa kuma ya fi riƙe tafiya a cikin igiya. A jirgi mai ƙasa kamar tsinin gatari, injinan biyu suna zama gefe da gefe inda ƙasan ya ɗan ɗago, sai su fi inji ɗaya da ke tsakiya iya bin ruwa marar zurfi. Ga cajin batir ninki biyu ga mai na'urori da yawa. Jirgi mai gangar jiki biyu kuwa yawanci ba a ma tambaya, kowace ganga da injinta, kuma a nan ne juyawa a wuri ɗaya ke aiki sosai don tazarar tana da faɗi.

Abin da ya kamata mai saye ya sani a nan shi ne injin hagun nan mai juyawa baibai giyabos ɗinsa daban ne, farfelarsa ma daban. Ba za ka ciro ta dama ka sa a hagu ba. Farfelar ajiya biyu za ka riƙe, kuma in ƙafar hagu ta lalace samunta ya fi wuya, don ba kowane mai kayan gyara ke ajiye ta ba. Maganar kayan gyara ma gaba ɗaya ta fi yawan inji muhimmanci. Sunan Evinrude da na ambata, kamfanin BRP na Kanada da ya mallake shi ya daina ƙera shi a 2020, bayan fiye da shekara ɗari. Inji ɗaya wanda bakaniken kusa da kai ya san cikinsa kuma ana samun kayansa ya fi biyu da sai an yi wata ana jiran robar famfo.

In ana son ganin yadda masu hankali ke yanke wannan hukunci, a dubi ƙungiyar ceto a teku ta Birtaniya da Ayalan, RNLI, wadda aka kafa tun 1824. Aikinsu fita ne a ranar da kowa ke gudowa. Suna da jirgi da suke kira Atlantic 85, tsawonsa kusan mita takwas da rabi, da inji biyu masu doki 115 kowanne, yana gudun kusan kilomita 65 a awa. Suna kuma da ƙarami da suke kira D class, mita biyar, wanda suke aiki da irinsa tun 1963, kuma inji ɗaya tal gare shi mai doki 50. Da shi suke shiga tsakanin duwatsu da bakin gaɓa inda igiya ke fashewa. Mutanen da ransu da na wasu ke hannun inji ba su ce biyu ko ba komai ba. Sun dubi girman jirgi da nisan aiki da irin ruwan, sannan suka kula da injin kamar ƙwai.

To ni ga nawa hukuncin, wanda nake ba duk wanda ya zo shago ya tambaye ni. Jirgin da bai wuce mita bakwai ko takwas ba, yana aiki a kogi ko tafki ko kusa da gaɓa inda ake ganin wasu jirage, inji ɗaya mai kyau, da ƙarfin da ya kusa iyakar da maƙeri ya yanke, sannan ƙaramin inji na ko-ta-kwana da ɗan tankinsa na hannu. Wanda ke nisa cikin teku inda ba mai jin kiransa, ko yake ɗaukar fasinja a ruwa mai faɗi, ko jirginsa ya yi girman da inji ɗaya ba zai ɗauka ba, ya ɗaura biyu, a raba musu komai, kuma a zaɓe su da girman da ɗaya zai iya hawa ruwa da jirgin shi kaɗai. In maƙeri ya ce doki 400 ne iyaka, biyu masu 200 sun fi biyu masu 150 ma'ana, don na farkon ne ke da begen kai ka gida da gudu. Kuma kafin a biya, a gwada a ruwa da cikakken lodi, ba da mutum biyu da rabin tanki ba.

Ƙaramin injin nan ma yana da nasa sharaɗi, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. An saya, an ɗaure a gefe, an rufe da tamfol, an manta. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, man da ke cikin kafireta ya bushe ya zama danƙo. Ranar da babban ya tsaya sai a yi ta jan igiya har kafaɗa ta sage. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk fita a tayar da shi ya yi minti goma yana aiki, a ga yana tsarto ruwan sanyaya shi, in za a ajiye a cire tiyo a bar shi ya shanye man cikinsa. A sayi mai doguwar ƙafa, in ba haka ba da igiya ta ɗaga bayan jirgi farfelarsa za ta fito tana yankan iska. A sa masa farfela mai faɗi ta turin kaya, ba ta gudu ba. Kuma don Allah kada a ja masa tiyo daga babban tanki don gudun wahalar ɗaukar jarka, in an yi haka an koma gidan jiya. Masu dogayen jirage na riƙon hannu da ke kwantar da injin ajiya a cikin jirgi, su lura da gefen da suke kwantar da shi. Inji mai baƙin mai daban yana da gefen da aka yarda a kwantar da shi, akwai alama a jikinsa. In aka kwantar ta ɗaya gefen, baƙin mai ya gangara cikin silinda, ranar buƙata igiyar ma ba za ta jawu ba.

Shi kuma babban, ɗaya ne ko biyu, abubuwan da ke hana shi mutuwa ƙanana ne. A duba filtar mai kafin fita. A canja robar famfon ruwa kafin ta ƙone, ba bayan ba. Lokaci-lokaci a cire farfela a leƙa bayanta, don zaren kamun kifi yakan naɗe a nan ya yanke robar da ke tare man giya. In ka buɗe notin ƙasa na giyabos ka ga man ya fito fari-fari maimakon launinsa, ruwa ya shiga, kuma giyabos na hanyar lalacewa. A raba mai kashi uku, ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ajiya. A riƙe anka da igiya mai tsawo, don jirgin da injinsa ya mutu abin da ya fi buƙata da farko shi ne ya tsaya wuri ɗaya kada ruwa ya kai shi kan dutse. A ɗaura igiyar kashe inji a jiki, wadda ke tsayar da inji in matuƙi ya faɗi daga wurinsa. A Amurka tun watan Afrilun 2021 doka ta wajabta amfani da ita a yawancin jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba idan suna gudu, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa ganin jirgi yana zagaye ba matuƙi.

Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka tana fitar da rahoton hatsarin jiragen shaƙatawa duk shekara. Lalacewar inji tana cikin manyan dalilan da suke lissafawa, amma tare da ita akwai rashin mai da hankali, da rashin duba hanya, da rashin ƙwarewa, da gudun wuce sa'a, kuma a hatsarin da ake rasa rai barasa ce ke kan gaba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da inji na biyu ke magani. Ina ma tsoron akasin haka, don na ga matuƙan da ganin murfi biyu a bayansu ya sa suka fita a yanayin da da inji ɗaya gare su da sun haƙura sun kwana a tudu.

Roƙona gare ka, Malam Edita, in za ku sake taɓo wannan batu, ku tura wakilinku tashar jiragen ruwa ya leƙa bayan jirage masu inji biyu, ya bi tiyon mai da hannunsa ya ga inda ya ƙare, ya tambayi matuƙi ranar da ya gwada tafiya da inji ɗaya da cikakken lodi. In ya rubuto abin da ya gani, ni da marubucin can sai mu ci gaba da muhawara a kansa. Ina gaishe shi, ina kuma gaida masu karatu.

Wassalam.

Naku,
Wani bakaniken injin jirgin ruwa